Kamalu da Kiɗan Matattun Motoci

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da aka binne ƙanena Kamalu a nan Dubai. Na ɗauka zuwa yanzu zuciyata ta koyi zama wuri guda idan watan ya kama, amma ina! Tun farkon makon nan na kasa zaman ɗaki. In na tashi daga aiki a asibiti, maimakon in kama hanyar gida sai in ga na karya kan mota na nufi Ras Al Khor, in yi ta zagaya layukan gareji da shagunan kayan gyara, ba wanda nake nema, ba abin da zan saya. Shekaranjiya wani Bapakistane mai sayar da tayoyi har ya tare ni ya tambaya ko ɓatan hanya na yi. Na ce masa a'a. Na ɗaga gilashi na wuce.

Ni ce babba a ɗakinmu, Kamalu ne auta. Da sikila aka haife shi. Duk yarintarsa a Zariya tsakanin gida da gadon asibiti ya yi ta, kuma ina jin ganin wahalarsa ne ya tura ni karatun jinya. Da na samu aiki a nan na zauna da gindina, sai na shiga fafutukar nema masa biza a wani gareji, domin ya ƙware a aikin wayarin ɗin mota. Dalilina ɗaya ne: ya dawo kusa da ni, inda in ciwo ya tashi akwai jini, akwai magani, kuma ba a ɗauke wuta. Ranar da zai taso Inna, mahaifiyarmu, ta karɓi wayar ta ce da ni, "Rabi, ga amana nan tafe."

Garejinsu na gyaran motocin da suka yi hatsari a Amurka ne. A can ake sayo su a gwanjo, a loda su a kwantena, a kawo nan a miƙe su a yi musu fenti, su sake zama na kasuwa. Kamalu yakan ce kowace mota da sauran rayuwar mai ita take zuwa: takalmin jariri wari guda a ƙarƙashin kujera, tabarau, gashin kare. Wata rana ya haɗa wa wata jar akori-kura batir, gabanta duk ya lotse, sai rediyon ya farka da kansa. Faifan da mai motar ya bari a ciki ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Kamalu ya ce ya daɗe zaune a cikin motar nan, sukundireba a hannu, har maigidansa ya leƙo yana cewa yalla, yalla, wato ya yi sauri.

Ranar Juma'a ya zo gidana da faifan a aljihu, ko suna babu a jikinsa.

"Yaya, sauke tukunyar nan ki zo ki ji wani abu."

Na zo ina goge hannu. Wani namiji ne da murya a shaƙe kamar mai mura, jita tana bin sa a hankali, can baya kuma wani abin kiɗa yana jan kuka kamar goge. Na saurara kaɗan na ce, "Wannan ai ko waƙar bai iya ba. Ji yadda muryarsa ke karyewa."

"To ai abin ke nan, Yaya. Ya ji ta karye, bai koma ya gyara ba."

Na ce Allah ya kyauta, na koma kan girkina.

Wanda ya raɗa wa abin suna shi ne Yohanna, ɗan Jos, mai gyaran esin mota a garejin da ke kallon nasu. Shi da tsofaffin kaset-kaset na kiɗan kantiri na Amurka ya tashi, babansa ba ya rabuwa da su. Ya gaya wa Kamalu cewa wannan wani reshe ne na kantiri, na mawaƙan da suka ƙi bin tsarin manyan kamfanonin waƙa, suna naɗar abinsu a ɗaki ko a gareji yadda ransu ya so. Ya ce kiɗan yana da ɗan'uwa mai ƙarar jita da zafin ganga, ana ce masa indi rok, su ma 'yan cin gashin kansu ne. Shi ke nan, Kamalu ya faɗa ciki bai sake fitowa ba.

Ya bi layin garejin nan kaf yana roƙon makanikai, duk wanda ya tsinci faifai a mota kada ya yar. 'Yan Afganistan da 'yan Bangaladash suka mai da abin wasa, su tsaya a ƙofar garejin su ɗaga faifai su ce, "Habibi, ga shararka." Mafi yawa kam sharar ce: wa'azin coci, darasin koyon Sifaniyanci, tatsuniyar yara. Amma jefi-jefi sai ya dace. In ya dace, ranar ba ni da sakat. Zai kama suna guda ya bi shi a intanet, sunan ya kai shi ga wani, wanin ya kai shi ga wasu 'yan mata uku masu kiɗa a wani garin da ko a taswira sai an duba da kyau. Sai ya kira ni ina tsakar aiki.

"Yaya, na samo wata. Wallahi wannan sai kin zauna."

"Kamalu, ina kan mara lafiya."

"To in kin gama. Amma ki zauna tukuna kafin ki kunna."

Na daɗe ban gane abin da ya kama shi ba, sai ranar da ya zauna yana fassara min wata waƙa layi-layi, don Turancin nasu ta hanci yake fita. Labarin wani ƙaramin gari ne da aka rufe masana'antarsa, maza suka koma zaman bakin titi, matasa suka watse. Mai waƙar ya bar garin, inda ya je bai zaunu ba, in ya koma gida kuma kwana biyu sun ishe shi. Babanmu a masaƙa ya yi aiki a Kaduna har aka rufe ta, ya dawo Zariya ya ƙarasa rayuwarsa yana jiran ranar da za a sake buɗewa. Kamalu ya tsayar da waƙar ya dube ni.

"Yaya, mutanen nan fa 'yan Tudun Wada ne. Turanci kawai suke yi."

Daga ranar na daina ce masa ya rage sauti. Ban san sanda abin ya shige ni ba. Akwai wata mace cikinsu, muryarta a dushe kamar wadda ta wuni tana magana, na kama kaina ina bin amshinta ƙasa-ƙasa ina tura keken magani a ɗakin marasa lafiya. In sanyi ya shigo, ranar hutu mukan ɗauki motata da hantsi mu nufi duwatsun Hatta, gilasai a sauke, shi yana canza faifai yana ba ni tarihin kowa kamar tare suka yi makaranta. Wannan ta rabu da mijinta kafin ta yi wannan. Waɗannan a sito suka naɗa, saurara za ki ji ƙarar jirgin ƙasa. In jita ta ɗauki zafi sai ya yi ta dukan gaban motar da tafin hannu, in ce za ka ɓalla min, ya ce ai ni zan gyara. Ban taɓa ganin yaron nan da lafiya irin ta waɗannan safiyoyin ba.

Matsalar ta fara ne da ya sayi jita ta hannu a wajen wani ɗan Filifin da zai koma gida. Sauraro bai ishe shi ba kuma. Shi da Yohanna da wani ɗan Filifin ɗin mai ganga suka samu wani lungu a cikin wani sito a Al Quoz, in an tashi aiki su je su yi ta gwaji. Wurin ba esi sai fanka guda. Duk wanda ya san bazarar ƙasar nan, ya kuma san sikila, ya san abin da nake tsoro. Mutumin da ya wuni a tsaye cikin gareji, ya tafi ya yi ta zuba gumi a cikin akwatin kwano. Kafin zafin shekarar ya wuce sau biyu ana kwantar da shi. A kwanciya ta biyu yatsunsa suka kumbura har ba ya iya riƙe cokali.

Ranar da aka sallame shi na kai shi gidana, na zaunar da shi na wanke shi tas. Na ce ban kawo shi ƙasar nan don ya kashe kansa a kan waƙar Turawan da ba su san da zamansa a duniya ba. Na ce ko dai ya ajiye jitar nan, ko in sa a soke bizarsa in mai da shi gaban Inna. Ya bar ni na gama. Kamalu ba ya ɗaga min murya, ranar ma bai ɗaga ba.

"Yaya, tun ina ƙarami ake ce min zauna, kwanta, kada ka yi gudu, kada ka shiga ruwan sama. Na zauna. Na kwanta. Ciwon ya taɓa fasa zuwa?"

Na ce, "Bai fasa ba, amma ba a kiransa da hannu."

"To ni dai na gaji da jiransa a zaune. In zai zo, ya same ni ina wani abu."

Har yau ban ce ni ce na yi kuskure ba. Abin da na faɗa game da zafi da gumi gaskiya ne, kowane likita zai faɗa. Shi ma abin da ya faɗa ban samu amsarsa ba har yanzu. Muka yi makonni muna gaisuwa sama-sama.

Yohanna ne ya kira ni ya ce akwai wani tsohon sito a Al Quoz da aka mayar wurin masu zane-zane, ranar Asabar da la'asar suna ba duk mai so dama ya hau ya yi kiɗansa, kuma an ba su wuri. Ya ce, "Anti Rabi, bai ce in gaya miki ba. Amma na ga yana ta kallon waya." A makon ne Kamalu ya sake jin ƙafarsa tana masa ciwo. Na cika jaka da gorunan ruwa da magungunansa, na tafi da niyyar in kamo hannunsa mu dawo gida ko da za a yi kallonmu.

Na tarar da mutane ba su da yawa, wasu a kan kujerun roba, wasu a ƙasa, ana sayar da shayi a gefe. Indiyawa, Larabawa, 'yan Filifin, Turawa kaɗan. Kafin in kutsa in isa wurinsa har an kira su. Kamalu ya hau da ɗingishi, rigar da na saya masa da Sallah tana masa yawa. Suka fara da mai zafi, gangar tana dukan ƙirjina, Yohanna ya rufe ido kamar yana coci. Da suka gama sai Kamalu ya ja kujera ya zauna, ya ce da Turanci wannan tasa ce, da harshen garinsu. Ban san yana rubuta waƙa ba. Ya fara a hankali, irin tafiyar kantirin nan, amma amshin irin na 'yan matan unguwarmu ne a dandali:

Na bar gari don in huta,
Hutun ya ce yana can gida.
Na koma gida in same shi,
An ce da safe ya bi ni.

Duk ɗakin nan daga ni sai Yohanna muke jin abin da yake faɗa, amma ko tari ba wanda ya yi. Na ciro waya, ni kaina ban san me zan yi da ita ba, sai na ga ina naɗa. A baiti na ƙarshe muryarsa ta karye, ya yi murmushi ya ci gaba a haka.

Da ya sauko ya hango ni. Ya zo yana haki, gumi har cikin ido.

"Yaya! To, ya kika ji?"

Na buɗe jaka na miƙa masa gora. Na ce, "Sha ruwa."

Ya yi dariya har ya dafa bango, ya shanye gorar tas. A mota muna dawowa na ce, "In za ku ci gaba, ku nemi wuri mai esi." Ya ce khalas, an gama. Suka kuwa nema.

Bazarar da ta biyo baya ciwon ya kama shi a ƙirji. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ina tsaye na gani. Allah ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da azahar. Inna ta ce a rufe shi inda ya cika, ƙasa duk ta Allah ce.

Yanzu in ina wannan zagayen nawa a Ras Al Khor, tambayar da ke cina ita ce me zai ce da ya ga yau. Motocin da ke fitowa daga kwantena yanzu ko ramin saka faifai ba su da shi. Mutum ya yi hatsari, waƙarsa tana cikin wayarsa, motar ta iso nan bebiya. Wasu ma na lantarki ne, in an tayar da su ko tari ba sa yi. Ina jin aikin zai burge shi, don yana son sabon abu ya kwance ya ga cikinsa, amma me zai riƙa tsinta? Siton da ya yi waƙa ya zama wurin motsa jiki, na leƙa na ga mutane suna gudu a kan inji suna kallon bango. Hutun mako ma an ɗauke shi daga Juma'a. Yohanna ya koma Jos ya buɗe shagonsa, duk shekara in watan nan ya kama sai ya kira, mu gaisa, ya ce Allah ya jiƙan Kamalu, in ce amin.

Waya ce yanzu ke zaɓa wa mutum abin da zai ji. Ta san ni sarai, kullum da safe ta jera min irin waɗanda nake so, kuma ba laifi, na samu sababbin mawaƙa ta hanyarta waɗanda na tabbata da zai kira ni a kansu ina tsakar aiki. Amma ba ta taɓa ce min in zauna tukuna ba. Kwanan baya wata abokiyar aikina ta kunna min waƙar da ta ce na'ura ce ta haɗa ta ɗungurungum, ba makogwaron ɗan'adam a ciki. Kantiri ce sosai, har da gogen. Na saurara har ƙarshe ina jiran wani wuri da zai kama ni, ban samu ba. Wani lokaci nakan ce da Kamalu zai tofar ya tashi. Wani lokaci kuma in ce a'a, yaron da ya ƙaunaci abin da kowa ya kira shara, wa ya san abin da zai ji a ciki? Ban sani ba. Wannan rashin sanin na daga abin da ke hana ni zama.

Sauran kuma nawa ne. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara, sun ce in sabunta. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, ba ta taɓa cewa in dawo ba amma ina ji a gaisuwarta. In na tafi, wa zai riƙa tsayawa a bakin maƙabartar nan ya yi masa addu'a? In na zauna, sai yaushe? Yau in kwana da shawarar tafiya, gobe in tashi da ta zama. Na fara haɗa kaya a kwali sau biyu ina kwancewa.

In aka auna da ma'aunin mutane, Kamalu bai bar komai ba. Bai yi aure ba, bai aza tubali ba, sunansa bai fita daga layin gareji guda ba. Faifansa kwali ɗaya ne a saman kabad ɗina, rabinsu sun goge. Abin da na san ya bari shi ne yayar da ta zo ƙasar nan ba ta san komai ba sai aiki da barci, yanzu ga ta da furfura tana bin sawun mawaƙan wasu ƙauyuka a bayan duniya, tana jin daɗin abin har cikin ranta. Sai kuma 'yar waƙar nan da ke cikin wayata.

Ita ma na daɗe ina ɓoyonta. Tun yana raye ya roƙe ni kada in gaya wa Inna yana kiɗa, don a gidanmu ba a gaji roƙo ba, kuma Inna ba ta wasa da irin wannan. Na riƙe masa har bayan ransa. Sai a hutun da na je bara, muna zaune a tsakar gida ina matsa mata ƙafa, na ji ba zan iya ci gaba da riƙewa ni kaɗai ba. Na ce, "Inna, zan kunna miki wani abu, amma ki yi haƙuri da abin da za ki ji."

Ta saurara har ƙarshe, carbi a hannu, fuskarta ba ta canza ba. Da ta ƙare ta ce, "Ai wannan ta hutun nan ce. Akwai wata ta direban tirela, ba ki da ita?"

Na saki ƙafarta. "Inna, kin sani?"

"Duk Juma'a in ya kira sai ya kaɗa min kafin ya ajiye waya. Ranar farko na yi masa faɗa, ya ce in ji tukuna." Ta ja carbinta. "Cewa ya yi kada in nuna miki na sani. Wai kina jin daɗin rufa masa asiri, in bar ki da abinki."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Ita ko kallona ba ta yi ba, ta nuna wayar da haɓa ta ce in sake kunnawa. Ta karkato da kunnenta mai ji sosai, ta saurara har tsakiya, sannan ta girgiza kai.

"Ranar nan bai ci abinci ba. Ji muryar."

Gaskiyarta ce. Ranar da ya yi waƙar, sai da muka kama hanyar gida Kamalu ya ce min tun safe fargaba ta hana shi sa komai a bakinsa, na tsaya na saya masa shinkafa a wani shagon Indiyawa 'yan Kerala, ya cinye a cikin mota yana ba ni labarin waƙar da zai yi nan gaba.

Allah ya jiƙanka, Kamalu. Allah ya ba ka hutun da ka yi ta nema.